Rikoda a Jakar Kaneng

"Jibi jirgina zai tashi, Bernard! Jibi!"

"Na sani, masoyiyata..."

"Ka sani, amma ka kasa zuwa ka gaida mahaifinka?"

Kaneng 'yar Jos ce, gwamnati ta turo ta London koyon aikin jinya lokacin da kuɗin mai ke ambaliya. Bernard kuwa Bayahude ne mai tsara waƙa. Laifinsa guda: ya ɗauki addu'ar da mahaifinsa ke rerawa a wurin ibadarsu, ya ɗora ta kan kalangu da jita. Shekara biyu tsohon bai ce masa uffan ba. Shi kuma Bernard ya rantse ba zai bi ta zuwa Jos neman aure ba sai da albarkar uba.

Ita fa ba ta iya zaman jira ba. Ta tabbata in tsohon ya ji waƙar sau ɗaya zai sauko. Da yammacin Juma'a ta ɓoye rikoda a jaka, ta ja Bernard kamar raƙumi da akala, sai gidan iyayensa.

Suka tarar da kyandir biyu na ci, tsohon na zaune fuska ba walwala. Kaneng ta durƙusa ta gaishe shi, ta zaro rikodar.

"Kul!" Mahaifiyar Bernard ta riƙe hannunta. "Rana ta faɗi, 'yata, Asabar, ranar hutun addininmu, ta shiga. Ba ma kunna komai, ba ma kiɗa."

Bernard ya dafe kai. Kaneng ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zo gyara ta ɓata!

"To baki fa, Mama?" ta ce. "Shi ma an hana?"

"...Ba a hana ba."

Sai Kaneng ta fara rera waƙar. Ko kalma ɗaya ba ta san ma'anarta ba, yawan ji ne a gidan Bernard da ke unguwar Catford. Tana kaiwa tsakiya baitin ya kuɓuce mata. Hawaye suka zubo.

Wata tsohuwar murya ta ɗauka daga inda ta tsaya. Ba da jan da ake yi a wurin ibada ba, da saurin kalangun ɗansa!

"Baba..." Bernard ya ɗago. "Ina ka ji ta haka?"

"Kullum sai ya sa faifanka," uwar ta ce tana share ido, "in ya zaci na fita."

Tsohon ya harare ta. Sannan ya dubi ɗansa sama da ƙasa.

"An ce jibi ne tafiyar? Ka ɗauki kwat ɗina. Ba a neman aure da wannan rigar."