Ta Tura Mijinta a Baro

Ɗakin kwano ne mai gado ɗaya, cikin jerin ɗakunan da mai gona ya kafa wa baƙin leburorinsa a bayan sito. A nan Auta ke durƙushe da hantsi, tana warware tsumman da aka naɗe hannun mijinta Dogo da shi. Warin da ya buso sai da ya sa ta kau da kai.

Kwana uku ke nan da bel ɗin injin sussukar masara ya fizgi hannun daman Dogo ya markaɗe masa yatsu. Baƙin mai aka tsiyaya a ciwon, aka ɗaure, aka ce ya yi ta addu'a. Yanzu hannun ya kumbura suntum har gwiwa, jikinsa zafi rau.

"Dogo, kana ji na?"

"Ina ji, Autata... da sauƙi," ya ce, haƙoransa na kaɗawa.

"Sauƙi a ina? Wallahi yau sai asibiti!"

"Asibitin uban wa?"

Yayanta ne tsaye a bakin ƙofa. Shi ya fara tsallako iyaka shekara bakwai da suka wuce, ya zama shugaban leburori, ya yi ta jawo dangi ɗaya bayan ɗaya har mutum goma sha huɗu, kuma babu mai takardar zama a cikinsu. In ka ji shi yana wa'azin zumunci sai ka rantse shi ya ƙirƙiro shi.

"Yaya, emajansi ne fa! Dubi hannun nan!"

"Na gani. Kina kai shi za a tambayi takarda, a kira jami'an shige da fice, kafin la'asar an kwashe mu kaf kamar awaki. Miji ne fa kawai, Auta. In ta Allah ta kasance, za ki samu wani. Dangi kuma fa?"

"A gabansa kake faɗin haka? Mutumin da ya —"

Tas! Marin ya jefa ta jikin gado. Ta zaro wayarta tana lalubar lambar ambulan, ya fizge, ya maka da ƙasa, ya bi ta da takalmi.

"Na dawo na ji kin motsa, sai na karya ki!" Ya fice gona.

Auta ta goge jinin bakinta. Tsoro take ji, ba ƙarami ba, amma son Dogo ya fi tsoron ƙarfi. Ta jira har rana ta take, tsakar ɗakunan ya yi tsit, sannan ta jawo baron kwasar taki, ta shimfiɗa bargo, ta ciccibi mijin nata da kyar ta kwantar. Dogo kuwa ba a banza ya ci sunansa ba, ƙafafunsa har jan ƙasa suke.

"Ke, wannan wace irin tasi ce?" ya ce da ɗan guntun murmushi.

"Yi shiru, malam, direbar ba ta da lasisi."

Saura taku ashirin su kai get ɗin gonar ta ji gudu a bayanta. Kafin ta waiwaya tiyon ban-ruwa ya sauka a gadon bayanta. Fyau! Ta gantsare, amma ba ta saki baron ba.

"Ajiye shi!"

"Ba zan ajiye ba!"

Ya sake tsula mata, a kafaɗa, a wuya, a kan yatsun da ke riƙe da ƙarfen. Rigarta ta tsage, jini ya biyo bayanta, ita kuwa turawa kawai take tana kuka. Dogo ya yunƙura zai kare ta, Yaya ya sa ƙafa ya hamɓare baron. Dogo ya kife a kan ciwon, ya kwarma wani ihun da ya fito da leburori daga cikin masara. Suka tsaya cirko-cirko, 'yan'uwanta ne duk.

Gwaggo ce kaɗai ta sheƙo daga kicin, ƙanwar mahaifinsu mai dafa wa leburori abinci. Ta faɗa tsakaninsu daidai lokacin da tiyon ke saukowa, ya fasa mata goshi.

"Bismilla, ƙara!" in ji tsohuwar, jini na zuba mata a ido. "Ka daki ƙanwar ubanka, sai ka ƙarasa!"

Hannun Yaya ya sage. Auta ta tayar da baron, ta maida mijinta ciki, ta dubi yayan nata da kumburarren ido.

"Na rantse da Allah, Yaya, ko yanka ni za a yi ba zan nuna gonar nan ba. Amma ba zan zauna ina kallon mijina yana ruɓewa ba."

"In kika fita get ɗin nan, ba ni ba ke har abada!"

Ta fita. Awa biyu tana turawa a cikin rana kafin wani direban motar kabeji ya tausaya ya kwashe su.

A gwiwa aka yanke hannun. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da gawa za a kawo. Kashegari jami'an shige da fice suka iso. Wata mai laushin murya ta dubi shatar bulalar da ke wuyan Auta ta ce, "Faɗa mana wanda ya yi miki wannan da gonar da kuka fito, mu kuma mu ba ku takardar zama, ke da mijinki."

Takardar zama! Abin da suka yi shekara biyu suna mafarki. Auta ta tuna marin, ta tuna tiyon, zuciyarta ta ce faɗi, ai shi ya jawo. Sai kuma ta tuna Gwaggo da sauran, da yaransu.

"Sori, madam, ban san sunan wurin ba."

Kwana tara suna juya ta da tambaya a tsare, ba ta canja ba. Da Dogo ya iya tsayuwa aka sa su a mota aka maida su ƙasarsu, daga su sai kayan jikinsu.

Sun sha wuya, ba a magana. Auta ta yi ƙwadago a gonakin mutane, Dogo ya koyi ban-ruwa da hagu a ɗan lambun bayan gida, har lambun ya soma ciyar da su, Allah kuma ya ba su 'ya mace.

Bayan shekara uku, wata safiya aka yi sallama. Yaya ne, ya tsallako gida, ya rame, furfura ta fito masa.

"Wata shida ina jiran motar jami'ai, Auta," ya ce, kansa a ƙasa. "Ba ta zo ba. Daga baya na ji abin da aka yi miki tayi kika ƙi."

Ya juya wurin Dogo ya miƙa masa hannun dama don su gaisa. Hannun ya tsaya a iska, babu abin da zai kama. Nan Yaya ya zube a kan gwiwoyinsa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Dogo ya sa hagunsa ya ɗago shi. "Tashi, Yaya. Wannan ɗin ma yana gaisawa."

Auta ta yi kuka, ta yafe. Ta ceci mijinta ba tare da ta sayar da danginta ba, haƙurinta kuma bai faɗi ƙasa banza ba. Duk zumuncin da zai ce ka bar mutum ya mutu don a tsira, tsoro ne kawai aka sa wa sunan zumunci.