Baƙar Ƙasa a Ramin Marmara

Gara in faɗi laifina tun da wuri: ramin shaddar gidana ban nemi izinin kowa ba na haƙa shi. Saboda haka ba ni da bakin yi wa mahaƙa wa'azi. Labari kawai zan bayar.

Ranar wata Juma'a da la'asar aka kira Sufeto Mujitaba zuwa wani ramin marmara da ke tsakanin Kiru da Bebeji, inda tifofi ke ɗiban jar ƙasa don cikon hanya. Leburori sun dawo daga masallaci sun ga ƙafar mutum ta leƙo daga tarin ƙasa. Malam Shitu ne, jami'in filaye na ƙaramar hukuma, tef ɗinsa na awo a hannu.

Mai ramin, Alhaji Munir, yana tsaye da ƙaton tumbinsa yana sharce gumi.

"Gaɓa ce ta rufto masa, yallaɓai. Ko kuma tsohon can ya ture shi. Makon jiya a gabana ya ce sai ya ga bayansa."

Tsohon shi ne Baba Zailani, mai gonar albasa a bakin ramin. Aka tafi da shi caji ofis, domin a ƙasar nan wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara kamawa.

"Baba, ina kake lokacin Juma'a?" in ji Sufeto.

"Masallaci."

"Liman ya ce bai gan ka a sahun gaba ba, kuma ba ka taɓa zama a na biyu ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ruwa nake ba albasa. Lokacin ne kaɗai katafila ke yin shiru. Ɗana, ruwan dam ɗin Tiga ya ci gidan ubana ina yaro. Yanzu rami na cin gonata taku-taku. Na zagi Shitu don ya ƙi hana su, amma ban taɓa shi ba. In na kwana uku a nan, albasar ta tafi."

DPO ya ce a kai shi kotu Litinin. Sufeto ya roƙi Asabar da Lahadi.

Da safe ya koma ramin, ya tsuguna, ya damƙi ƙasar da aka tono gawar daga ciki. Baƙa ce. Ya ɗaga kai ya dubi gaɓar: ja wur daga sama har ƙasa. Baƙar ƙasa ta saman gona ce, wadda doka ta ce a kankare a tara gefe don a mayar bayan an gama haƙa. Tarin nata yana can nesa, taku arba'in, an yage masa gefe.

Ƙasa ba ta tafiya da ƙafarta.

Ya sa aka kira direban katafilar, Kamalu, ɗan siriri kamar sillen kara.

"Kai ka ɗebi wannan?"

Kamalu ya dubi wurin, ransa ya ɓaci. "Yallaɓai, a zage ni da wani abin. Shekarata goma sha biyu a kan katafila. Wannan yagar ta wanda ya koya da kallo ce."

"Da ka dawo masallaci, me ka tarar?"

"Ba komai."

"Hau katafilar ka zauna."

Ya hau, sai ƙafarsa ta tsaya a iska, ba ta kai feda ba. An ja kujerar baya har ƙarshe. Masu tumbi irina sun san dalilin da ake yin haka.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Kamalu a hankali. "Ɗaya na wurin Alhaji."

Alhaji Munir ya ce shi a Ƙafin Maiyaki ya yi Juma'a. Sufeto ya tambaye shi a kan me aka yi huɗuba. Ya ce tsoron Allah. Da aka tuntuɓi limamin garin, ya ce a kan rabon gado ya yi, har aka yi ta gunaguni.

"Alhaji, ina takardar izinin haƙa?"

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wata takwas ina zarya. Yau a ce taswira, gobe a ce zurfi kada ya wuce kaza, jibi a ce bar tazara da gonar maƙwabci. Na gaji na fara aiki. Da na ga Shitu da tef shi kaɗai, na san rufe ni ya zo yi. Ya buɗe baki zai yi magana, na hankaɗa shi. Ban zaci zai faɗa ta ka ba. Sauran kuma tsoro ne."

Aka sa masa ankwa, aka shigar da shi bayan mota. Baba Zailani ya fito Lahadi da yamma. Rabin albasar ta kwanta. Ya tsaya yana kallonta.

Ranar Litinin Sufeto ya je sakatariya karɓar fayil. Muhsina, akawun ofishin filaye, ta buɗe durowar marigayin ta miƙa masa. A saman fayil ɗin akwai takardar izinin Alhaji Munir, da hatimi, da sa hannun Malam Shitu, mai kwanan watan Alhamis.