Garmaho a Akwatin Amarya

A duk ƙasar Hijaz, daga Jidda har Ɗa'ifa, babu mai kunnen kiɗa kamar Abdulganiyyu. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma ba a taɓa musa masa ba, domin a Makka ta wancan zamani an haramta kiɗa, duk wanda ya musa ya tona wa kansa asiri cewa shi ma yana sauraro.

"Ka fitar mana da garmahon nan daga gida!" Ummulkhairi ta ce. "Saura wata guda bikinmu, kana so a zane ka a tsakiyar kasuwa?"

"Habibti, shi ya sa na kawo shi nan. An fara shinshina ɗakina."

"To ni fa?"

"Ke amarya ce. Wa zai buɗe akwatin amarya? Ko masu sandan hisba ba su da wannan rashin kunyar."

Dako yake yi a tashar jirgin ruwa ta Jidda. A can wani baƙar fata ɗan Amurka, ma'aikacin jirgi, ya sayar masa da garmaho da fayafayai da wata jita da ta rasa tsirkiya ɗaya. Tun daga ranar ya zama malami.

Babanta Malam Tsoho yana Mina yana kai wa alhazai ruwa, gidan nasu na unguwar Nakkasa shiru. Abdulganiyyu ya cusa tsumma a bakin garmahon, ya murɗa, ya ɗora allura.

"Saurara, rabin raina. Wannan mutumin Texas ne, jitarsa da lantarki take aiki. Kin ji? Masu busa su yi tambaya, shi ya ba su amsa. Ba ya gaggawa. Sai ya ja tsirkiya har ta yi kuka, ya sake ta. Duk mai son koyo da wannan faifan zai fara."

Ya danna yatsa a gefen faifan ya rage masa gudu, ya bi da tasa jitar. Abin da ya fito ya fi kama da kukan ƙofa.

Amma na faifan ya shige ta. Ƙafarta ta soma bugun ƙasa ba da izininta ba.

"Kafin ranar ganin kaya za ka ɗauke," ta ce a hankali. "Ka san mata za su zo a buɗe komai."

"Wallahi tun kafin nan, Ummu."

Washegari ya tafi Jidda neman sababbin allurai.

Bangon ɗakin na langa-langa ne, ba ya riƙe sauti, kuma a bayansa Ramlatu take kwana, 'yar baffanta, wadda ta daɗe tana ganin Abdulganiyyu ya yi kuskuren ƙofa.

Bayan alhazai sun watse, Inna Maryama, mahaifiyar ango, ta shigo gaisuwa da hantsi tare da ƙawayenta.

"Inna, ai Yaya Ummu ta gama haɗa kaya tsaf," Ramlatu ta ce tana zuba shayi. "Me za a jira? Ku ga atamfofin nan, mashaAllah!"

"Ba a gama ba, Inna..." Ummulkhairi ta ce.

"Kunya ce, ya binti. Kawo makulli."

Aka ɗaga atamfa, aka ɗaga zanen gado. Sai hannun Inna Maryama ya tsaya a kan garmahon.

"Esh hada? Mene ne wannan? Innalillahi! A Makka? A gidan da zan ɗauko wa ɗana mata?"

Kafin azahar labarin ya kai unguwar Hindawiyya.

Da la'asar Malam Tsoho ya sa aka kira Abdulganiyyu, wanda ya dawo daga Jidda a ranar. Garmahon na ajiye tsakaninsu a zaure. Ummulkhairi ta laɓe a bayan labule.

"Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Naka ne?"

Ka faɗa, masoyina, ta ce a ranta. Ka faɗa, ni zan jiƙa maka bayan in an zane ka.

Abdulganiyyu ya yi gyaran murya. Ya dubi takalminsa.

"Baba... ai a akwatinta aka gani."

Ba ƙarya ya yi ba. Mutum ne mai kiyaye harshe.

Ta yaye labulen.

"Nawa ne, Baba. Wata alhajiya 'yar Sudan ta bar mini."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Ya san ba ta taɓa magana da wata 'yar Sudan ba. Ya kuma san gobe da safe zai ɗauki garewanin ruwa ya bi gidajen mutane, kuma dole su buɗe masa ƙofa. Ya miƙa mata taɓarya.

"A ƙofar gida. Kowa ya gani."

Ta fasa garmahon, ta bi fayafayan ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta na kabbara.

Inna Maryama ta aiko a karɓi kayan sa rana. Abdulganiyyu bai hana ba, domin biyayya ga uwa wajibi ce. Sau ɗaya ya tare ta a hanyar famfo, idonsa jajur.

Ta yi maza ta sauke tulu.

"Ummu..."

"Na'am."

"Duka kika fasa? Har na mutumin Texas?"

Ta ɗauki tulunta.

"Ba a samun irinsa fa!" ya ce da bayanta. "Ba ki san abin da kika fasa ba!"

Da watan Rajab aka ɗaura masa aure da Ramlatu. Tunda bikin 'yar gida ne, aka rarraba aiki, Ummulkhairi ta sami tandar waina a lungun kicin, inda baƙi ba za su yi ta kallonta ba.

Tana jiyo matan a tsakar gida.

"Allah ya tsare yaron nan, wallahi."

"Yaro mai natsuwa, da ta lalata shi."

Mai ya fantsamo mata a wuyan hannu. Ta dubi wurin yana tashi.

"Yaya Ummu!" amarya ta ƙwala daga ɗaki. "Dangin ango sun ce wainar ba ta isa ba!"

Ta jawo ƙwaryar ƙullu, ta gyara itace.