Gatarin Mato da Tsamiyar Bayan Shago

Laraba ce, tsakiyar damina. An yini ana yayyafi, aka kwana da shi.

Mato mai gadi ne a wani shagon kwamfuta a Samaru, tun ba a san wasa a waya ba. Ɗalibai kan cika shagon suna wasan yaƙi. Shi bai taɓa bugawa ba, ido ne ya koya masa. Ka kafa gari. Ka tura 'yan mitsi-mitsin mutane su saro itace, su haƙo zinariya. Ka tara mayaƙa da matsafa da dodanni. Ƙasar duk duhu ce, sai inda mutuminka ya taka take wayewa.

Bayan shagon akwai tsohuwar tsamiya, da rijiya marar murfi kusa da ita. Mai shagon, Nafi'u, yana son ƙara ɗaki, ya ce Mato ya sare itacen washegari da safe. Da magariba Mato ya wasa gatari a gindinta. Ya gwada kaifin a saiwarta, sara ɗaya. Bai yi sallama ba. Bai yi bismilla ba.

Dare ya raba. Mato ya kashe janareta, ya sa kwaɗo. Unguwar ba wuta tun jiya. Sai ga haske ta ƙasan ƙofa.

Ya buɗe. Kwamfutar kusurwa a kunne. Wani dattijo na zaune gabanta, rigarsa busasshiya ƙayau. Mato ya haska tocila ƙarƙashin tebur. Ƙafafun dattijon a juye suke, yatsun na kallon baya. Ta hagun an ɗaure ta da farin tsumma, jini na tsattsafowa.

"Matso, Mato," in ji dattijon. Muryar kamar daga cikin tulu. "Zo ka ga garina."

Ba duhu ko kaɗan a ƙasar tasa. Mato ya gane titin. Ya gane masallacin, da shagon, da tsamiyar. Ga wani ɗan mutum riƙe da gatari, jar hularsa irin ta Mato.

Dattijon ya danna shi. Ɗan mutumin ya amsa, "To, ranka ya daɗe."

Muryar Mato ce. Shi kuwa bai buɗe baki ba.

Dattijon ya ja linzamin kwamfutar. Ƙafar Mato ta ɗaga da kanta. Ya duba hannunsa, ga gatari, bai san sa'ad da ya ɗauka ba. Ƙafafun suka fitar da shi ta ƙofar baya, cikin ruwa. Ba tsamiyar suka nufa ba. Rijiyar suka nufa.

Mato ya ce shi ɗan aike ne, sa shi aka yi.

Muryar ta biyo shi har waje. "Na sani. Na ga yadda yaran nan ke yi da 'yan aike. A tura su, su mutu, a kawo wasu. Kai ma gobe za a ɗauki wani."

Saura taku uku. Saura biyu. Yatsunsa suka taɓa bakin rijiyar, ƙasa ta fara zubawa ciki.

Sai ya tuna abin da ya bari da magariba.

"Salamu alaikum, masu gida," ya ce. "Na shigo ba sallama. Na ji muku ciwo. Laifina ne."

Yayyafi na ta sauka a kan kwano.

"Wa alaikumus salam. Ajiye ƙarfen."

Ya saki gatarin cikin rijiyar. Ya kasa kunne. Bai ji faɗuwarsa ba. Ƙafafunsa suka dawo nasa, hasken shagon ya mutu.

Ku da kuke danna jikokin wasan nan a waya, ku ji. Kada ɗayanku ya zauna da shi shi kaɗai bayan an kashe wuta. Kada kuma ya ratsa gindin itace bai yi sallama ba.

Da safe Mato ya yagi gefen rawaninsa, ya je ya ɗaure saiwar. Ya tarar an riga shi, da farin tsumma. Ya yi sallama, ya juya, ya kai wa Nafi'u makullansa.