Takalma a Bakin Ƙofa

"Ɗauke takalmanka, Ishaƙu!"

Zara'u ta kasa zama. Ta leƙa, ta dawo, ta sake leƙawa. Ga su nan a bakin ƙofarta da rana tsaka, ranar kasuwar Tasawa, ayarin gishiri ya cika gari...

Shekara huɗu tana zaman kanta a gidan Magajiya Tanna, tun mutuwar aurenta a Mayahi, ba ta taɓa ganin namijin da ya bar takalmi a waje ba. Kowa a hammata yake soke nasa ya shigo sumumu. A ɗaki ita ce "hasken idona", a kasuwa ko gaisuwarta ba a amsawa. Halin maza ke nan.

"Bar su su sha iska," in ji Ishaƙu baduku. "Duk garin nan an san ɗinkina. So nike a san ina nan."

"Za a zage ka..."

"A zaga. Aure na zo nema, abar ƙaunata, ba ɓuya ba."

Tana son sa, son da ke hana ta cin abinci, amma ta sha jin alkawarin da ba ya kaiwa zaure.

Sai ga muryar yayansa Zakari a tsakar gida.

"Hito! Ka zubar muna da mutunci! Irin waɗanga zuwa ake a biya a wuce. Wa ya taɓa kai karuwa gidan ubansa?"

Zara'u ta fito. Matan gidan sun yi cirko-cirko. Ta dube shi sama da ƙasa, idonta ya tsaya a hammatarsa.

"Malam Zakari, mi ka riƙe nan?"

Ya duba. Takalmansa ne. Tun daga zaure ya cire ya soke, kamar yadda ya saba duk ranar kasuwa.

Magajiya ta kau da kai. Wata ta tuntsure da dariya. Zakari ya fice ƙafa ba takalmi, rairayi na gasa shi.

Ishaƙu ya zaro wasu jajayen takalma na mata daga jakarsa, ya ajiye kusa da nasa.

"Gwada, Zara'una."

Ta zura ƙafa, hawaye na zuba. Sun yi mata cif.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Zakari bai zo ba, ba kuma wanda ya neme shi. Har ta tsufa, kowace safiya kafin ta ɗora tukunya sai ta leƙa bakin ƙofa: ga nasa, ga nata, a fili.