Bangon Kwalabe

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da Amarya ta fara jin warin. Tana tsaye a kicin tana yanka albasa, hasken yamma yana ratsowa ta ɗakin 'yarta yana zuba launin kore da ruwan ƙasa a kan daɓe, kamar yadda yake yi kullum tun da suka tare. Ba warin albasa ba ne, ba kuma na bayi ba. Wari ne mai nauyi, irin na abin da ya mutu a cikin ruwa aka manta da shi. Ta ajiye wuƙar, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta buɗe bokitin ɓawo, ta shinshina tsumman wanke-wanke. Babu komai. Sai a lokacin ta lura gidan ya yi shiru da yawa, alhali akwai yarinya 'yar shekara biyar a cikinsa.

Gidan nan da hannunsu suka gina shi, a ƙasar da ba tasu ba, a wani fili can bayan gari inda motar haya take juyawa ta koma. Mijinta ɗaukar kaya yake yi a wani sito, amma tun da ya fara zancen gini abokansa suka laƙaba masa Injiniya, sunan ya bi shi. Ita kuwa shekara shida da aure har yanzu Amarya suke ce mata, don ba ta daina sunkuyar da kai ba in sun shigo. Burinsa gidan da ba ya cutar da ƙasa: wuta daga rana, ruwa daga rufi zuwa tanki, bayi na garin katako wanda ba a kora shi da ruwa. Tsofaffin tayoyi aka ɗura wa ƙasa aka daka, suka zama tushe. Duk ranar hutu abokai su zo, su tuɓe takalma, su shiga kwaɓi da ƙafa suna tsokanar juna, ita tana dafa musu abinci a ƙarƙashin tamfol.

Bangon ɗakin yarinyar shi ne abin alfaharin Injiniya. Kwalabe ne zalla, an kwantar da su layi-layi a cikin laka don rana ta riƙa ratsowa. Amininsa Direba, mai babbar mota, shi ya kwaso su daga wani tsohon juji a bayan mahautar da aka daɗe da rufewa. Ranar da aka sauke su Amarya ta ga abin da ke ciki: sauran baƙin ruwa, gansakuka, tsutsa, a wata ma ɓera ne ya shiga ya kasa fita har ya narke. Ta ɗauko bokiti za ta wanke, Injiniya ya leƙa tanki ya ce ruwan da ya rage ko kwaɓi da ƙyar zai isa.

"Matarmu, bar wahalar da kanki," in ji Direba. "Toshe bakinsu za mu yi da laka, abin da ke ciki ya ƙare a ciki. Ke dai ki ƙara mana nama, wannan Injiniyan naki ba ya biyan lebura."

Aka yi dariya, ta sunkuyar da kai, aka toshe kwalaben ɗaya bayan ɗaya yadda suke.

A gindin wannan bangon ta tarar da 'yarta. Tsuntsuwa suke kiranta, saboda tsattsagar abinci take yi kaɗan-kaɗan ta ce ta ƙoshi. Tana durƙushe ta ba ƙofa baya, tana kankare lakar da ke tsakanin kwalabe da farce, tana kaiwa baki. Ba lasa take yi ba irin ta yara. Ci take yi hannu baka hannu ƙwarya, baƙin yawu yana gangarowa ta haɓarta zuwa wuyan riga. A nan warin ya fi ƙarfi.

"Ke, mene ne haka? Tofar."

Yarinyar ta waigo a hankali. Ta kalli uwarta kallon da babba yake yi wa baƙon da ya shigo ba sallama, sannan ta haɗiye.

Daga wannan yammacin gidan bai sake zama daidai ba. Da rana lafiya lau, sai in haske ya fara ja. A lokacin ne curin laka yake faɗowa a kan rufi, ɗaya, a jima wani, ɗanye sharaf, alhali babu maƙwabci kusa, babu kuma sauran kwaɓi a filin. Ƙudaje suka cika ɗakin yarinyar ana tsakiyar sanyin da ƙuda ba ya rayuwa. Miyar da aka dafa da azahar, kafin magariba ta yi yauƙi tana kumfa. Kwalaben kuwa sai su ɗauki wani siririn sauti, can ƙasa-ƙasa, kamar jarirai suna kuka a cikin rijiya.

"Iska ce," in ji Injiniya. "Danshi ne, bangon bai gama bushewa ba."

Ya shafe shi da farar ƙasa. Washegari baƙin ruwa ya tsattsafo a kewayen kowace kwalba, ya gangaro a kan farin, bangon ya zama kamar idanu masu ciwo. Amarya ta goge, ta wanke hannu har fatar ta yi ja, warin yana nan a ƙarƙashin farcenta. Ta daina iya cin abinci a gidan. Ko ruwa ta kai baki sai ta ji kamar daga kwalaben aka tsiyayo shi.

Matar Direba nas ce. Ta raka su asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ƙarancin sinadari ne yake sa yara cin ƙasa, aka ba da magani. Suka mayar da yarinyar ɗakinsu, suka kulle nata, suka sa mata safa a hannu. Ta daina cin komai. Wuyanta ya zama kamar sillen kara, idanunta suka faɗa. In aka kai mata cokali sai ta kawar da kai tana yatsine fuska, kamar ƙazanta aka miƙa mata.

Wata magariba Amarya ta sallame salla ta waiga, ba ta ga yarinyar ba. A bayi ta same ta, ta ɗage murfin, ta zura hannu har kafaɗa cikin bokitin garin katako. Amarya ta fizgo ta, ta yi waje da ita tana kakarin amai. Suna isa ƙofar ɗakin da aka kulle yarinyar ta ƙame, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, busasshiya.

"Ku buɗe."

Injiniya yana tsaye da fitila a hannu, shi ma ya ji. Amarya ba ta taɓa ɗaga ido ta ba shi umarni ba, amma ranar ta kalle shi sosai.

"Baban Tsuntsuwa, ka nemo mana malami. In ba haka ba yarinyar nan ba za ta kai sati ba."

Direba ne ya kawo shi washegari da yamma, wani dattijo mai karantar da yaran baƙi a ƙarshen mako, da ƙatuwar rigar sanyi a kan jallabiyarsa. Tun daga bakin ƙofa ya sa hannu ya toshe hanci. Ya sa aka buɗe ɗakin, aka shimfiɗa tabarma a gaban bangon, Amarya ta zauna ta rungume 'yarta. Ya nemi ruwa mai tsabta a kofi, ya zauna, ya fara karatu a kunnen yarinyar, a hankali, ba ya ɗaga murya. Hasken kwalaben yana dushewa a kan fuskokinsu. Curin laka ya faɗo a rufi, wani ya biyo. Malam bai tsaya ba. Jikin yarinyar ya yi nauyi a cinyar uwarta kamar buhun yashi, sannan ta miƙe zaune.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me ya kawo ki gidan mutane?"

Aka yi wata dariya mai kama da tari.

"Gidan mutane? Tambayi mai motar can inda ya kwaso gidan. Jujina ne. Tun ana yanka a mahautar nake zaune a wurin. Suka zo suka kwashe shi, suka tsayar da shi tsaye, suka sa masa ƙofa. Ni ban shigo gidansu ba, su suka shigo nawa."

Direba ya ja da baya har ya jingina da ƙyaure.

"To yarinyar me ta yi miki?" in ji Malam.

"Nawa 'ya'yan me suka yi musu? A cikin kwalaben nan suke kwana. Aka toshe su da laka suna barci, babu wanda ya ce a tashi, babu wanda ya ambaci sunan Allah. Da an zuba ruwa an girgiza, da sun fita. Ni ba ni da farcen da zai kankare laka. Ita tana da shi."

Amarya ta dubi yatsun 'yarta, duk sun tsattsage, baƙar laka ta cushe a ƙarƙashinsu. Ta ƙara rungume ta.

"An yi miki ba daidai ba, cikin rashin sani," in ji Malam. "Amma ke da saninki kike cutar da wadda ba ta san komai ba. Ki fita."

"Su bar mini gidan duka. Tayoyin nawa ne, ƙyauren nawa ne."

"Tayoyi ba su toshe kowa ba. Gumin mutane ne a cikinsu, ba za su bar shi ba."

Ya ɗauki kofin ya koma karatu, ya yayyafa mata ruwan. Yarinyar ta gantsare, wani wari ya taso daga bakinta har idanun Amarya suka kawo ruwa, amma ba ta sake ta ba.

"Tsaya. Kwalaben. A mayar mini da kwalaben inda aka ɗauko su, a buɗe. Kada a fasa ko ɗaya. In an gama in fita."

"A'a. Yanzu za ki fita, alkawarin yana wuyana."

"Alkawarin ɗan Adam." Idanun yarinyar suka juya suka tsaya a kan ubanta. "Shi ya toshe ta farko. Ya buɗe ta farko da hannunsa, in gani."

Injiniya ya ɗaga kai ya kalli bangon tun daga ƙasa har sama. Bazara guda ya ci, da hutun abokansa, da bayansa da har yau yake ciwo. In aka cire shi, ɗakin zai zauna a buɗe ga sanyi har shekara ta juyo. Ya sauke ido a kan 'yarsa, a kan wuyan nan da ya rage kamar zare. Ya fita ya dawo da kurfi da guduma.

A hankali ya sassaƙe lakar, yana bismilla a kan kowane bugu, har kwalba ɗaya ta saki. Ya zaro ta, iska mai sanyi ta shigo ta ramin. Ya sa babban yatsa ya tura toshiyar. Abin da ya fito ba a ganinsa, sai dai kowa ya ji wucewarsa, ɗumi kamar numfashi. Bayansa baƙin ruwa ya biyo, mai kauri, ya malale masa a hannu har gwiwa. Direba ya yi waje da gudu, suna jin yana amai a gindin tanki. Injiniya ya runtse ido, ya riƙe kwalbar bai yar ba.

"Na gani," in ji muryar, ta yi laushi. "Sauran kafin rana ta sake faɗuwa."

"Kafin ta sake faɗuwa. Ki fita ta inda kika shiga, kada ki taɓa mata komai."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta sulale a jikin uwarta, ba nauyi, kamar tsumma. Kukan kwalaben ya ɗauke.

Da gari ya waye abokai suka zo, har da waɗanda suka bar aikinsu. Babu mai tsokanar wani. Kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle, suna zaro kwalabe ɗaya-ɗaya suna jerawa a motar Direba a kan bargo, kamar masu ɗaukar ƙwai. Kafin la'asar motar ta tafi, Malam yana gaba, Injiniya yana baya a tsakiyar kayan. Inda bangon yake sai tamfol yana kaɗawa.

Amarya ta dafa ruwa, ta zaunar da 'yarta a baho, tana cire mata lakar farce da tsinke. Yarinyar, wadda tun jiya take barci, ta buɗe ido sosai. Ta kai yatsunta hanci, ta yamutsa fuska, ta miƙa su nesa da jikinta.

"Mama, wa ya shafa mini wannan abin? Wanke mini." Ta juya ta kalli tukunyar da ke kan wuta. "In kin gama ki zuba mini da yawa."