Buhun da Ya Ƙara Nauyi a Makoda

Ƙarfe biyu da rabi Insifekta Abdulmumini Dabo ya diro daga babur a ƙofar sitoron ƙungiyar manoman gyaɗa ta Makoda. Shi dai Dabo in aka ce masa sata, jikinsa har rawa yake kamar an kira shi walima.

Wata matashiya ta tare shi, idonta jajir.

"Yallaɓai, ni ce Muhsina, jami'ar rajista. Mun fita sallar azahar, na dawo babu laftof ɗina. Sunayen manoma ɗari uku da gonakinsu suna ciki. In ban tura wa kamfanin iri kafin ƙarfe huɗu ba, bana babu mai samun ingantaccen iri a nan."

Dabo ya shiga ofis. A kan tebur ga wata laftof baƙa, jibgegiya, ba wanda ya taɓa ta.

"Wannan fa?"

"Tawa ce," in ji wani mai tabarau. "Kamaruddeen, sakataren ƙungiya. Wannan ita ce kwamfuta, yallaɓai. Ga ƙarfi, ga araha. Ba irin faifan da wasu ke zuba kuɗi a kai ba."

"Minti arba'in batirinta yake yi," Muhsina ta katse shi. "Sai an tayar mata da janareto. Ni gona-gona nake bi a babur. Kwana biyu na yi a kasuwa a Kano ina ɗaga wannan ina ajiye waccan. Mai arahar tana minti biyar kafin ta buɗe taswira, mai ƙarfin kuma sai ta karya mini kafaɗa. Na ɗauki ta tsakiya, ta hannu ce, amma batirinta wuni yake, nauyinta kilo ɗaya da ɗigo uku."

Dabo ya yi murmushi. Ɓarawon da ya shigo daga waje babbar zai runguma, don a ganinsa girma shi ne tsada. Wanda ya tsallake ta ya ɗauki ƙaramar, ya san abin da yake yi.

Ya nufi mai gadi, Baba Ja'afaru, wanda ke zaune a bakin get.

"Baba, wa ya fita da jaka?"

"Ko kaza ba ta fita ba, ɗan nan. Ban motsa daga nan ba."

"To man ƙosan da ke gemunka fa?"

Tsoho ya shafa gemu, ya sunkuyar da kai. "Na tsallaka wajen Amsa mai ƙosai. Amma na kulle get, ga makullin a wuyana."

Wato kaya na nan cikin gida. Aka birkice ofis, aka leƙa banɗaki, har cikin randa, babu. Uku da kwata ta yi. Muhsina sai duba agogo take, tana share hawaye da gefen hijabi, abin tausayi.

Nan wata akori-kura ta yi hon a waje. Ta zo ɗaukar buhunan gyaɗa ashirin zuwa Dawakin Tofa.

"A buɗe wa direba get, yallaɓai," in ji Kamaruddeen. "Mai kaya na jira. Ni da kaina zan raka su."

"Kana raka kaya dama?"

"Wani lokaci."

"Bai taɓa ba," in ji Baba Ja'afaru. "Cewa yake ƙura na sa shi atishawa."

Dabo ya ji wani daɗi ya taso masa har maƙogwaro. Ya juya wajen buhunan da ke jere.

"Nawa-nawa kuke aunawa?"

"Kilo hamsin cif, da safen nan aka auna," in ji Muhsina.

"A jawo sikeli."

Kamaruddeen ya fara cewa ɓata lokaci ne, Dabo ko kallonsa bai yi ba. Na farko hamsin. Na biyu hamsin. Manoman da suka taru suka kama ƙirga da baki ɗaya, kowa na miƙa wuya. Da aka ɗora na sha huɗu, sikeli ya wuce hamsin.

"Hamsin da ɗaya, da ɗigo uku," Dabo ya karanta a hankali. "Malama, nawa kika ce nauyin kwamfutarki?"

Muhsina ta dafe ƙirji.

Dabo ya duba bakin buhun. Sauran da farin zare aka ɗinke su, wannan kuwa da shuɗi, ɗinkin ma a karkace. Ya sa hannu a aljihun gaban rigar Kamaruddeen, inda wani ɗan sili ke leƙowa, ya zaro ragowar shuɗin zaren da basilla.

Aka farke buhu. Ga laftof naɗe a leda, kwance cikin gyaɗa.

Kamaruddeen ya zauna a kan sikelin.

"Ba sayarwa zan yi ba, wallahi. Shekara shida ni ke rajistar nan, manoma su zo su yi layi a gabana. Ta zo da 'yar firit ɗin nan tana bin su har gona, kowa sai Muhsina, Muhsina. Na ce in ta kasa turawa yau, a dawo mini da aikina."

"Ka zaɓi mutum ɗari uku su rasa iri don a yi maka layi," in ji Dabo, yana ɗaura masa ankwa.

Muhsina ba ta jira ba. Ta hure ƙurar gyaɗa, ta ɗora laftof a kan buhu, ta danna. Nan take ta kawo haske, batiri fiye da rabi. Ta haɗa da wayarta, huɗu saura minti takwas saƙo ya tafi. Manoma suka ɓarke da kabbara.

Ana fita da Kamaruddeen, Muhsina ta kira shi, ta juyo masa da allon.

"Malam sakatare, duba suna na farko."

Ya duba. Malam Muhammadu Sani, kadada biyu, bayan makabarta. Mahaifinsa ne, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa layi shekara uku, ita ta bi shi har gona.

Kamaruddeen bai sake ɗaga kai ba har suka isa caji ofis.